Fulogi na Huɗu a Mashigin Tuga

Birnin Kebbi zuwa Bagudo

Ana kiran assalatu na bar Birnin Kebbi, a bazarar da ta biyo bayan samun mulkin kai. Ni malamin dabbobi ne a lokacin. A bayan mota na ɗaure akwati cike da ƙanƙara da garin katako, kwalaben rigakafin bushiya, ciwon nan mai ƙare shanu, na tsakiya. An riga an aika wa Arɗon Tsamiya, can bakin iyakar Dahome, ya tara shanun mutanensa ya jira ni washegari da hantsi, kafin su ƙetara kudu neman ciyawa.

Motar tawa ce, wata a-kori-kura da na saya hannun Baturen da ya tattara zai koma ƙasarsu. Agogon mil ɗinta ya tsaya tun kafin ta zo hannuna, don haka iyakar tafiyar da ta yi a duniya sai ita sai Allah. Har Zagga ba ta yi mini gardama ba. Na tsaya can na sha fura, na ƙara mata ruwa. Da muka fita gari ta soma tari, tana fizga kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa. Haka muka lallaɓa har Bagudo, na sauka gidan wani malamin asibiti, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi.

Mashigin Tuga

Da sassafe na isa bakin kogin Kwara. Mai jirgin fito, wani dattijo da ake kira Baba Gado, ya tsaya ya saurari injin, ya girgiza kai.

"Malam, motag ga ba ta hawan gangaren ƙetare. In ta komo da baya, ruwa za ta, da kai da jirgina."

"Baba, shanu na jirana a Tsamiya."

"Su yi haƙuri. Gyara ta, in ɗauke ka."

Babu bakanike a wurin, amma mai bin hanyoyin nan ba ya rabuwa da sabbin fulogi da sifana. Na buɗe bonet. Waya ɗaya nake cirewa, in kwance tsoho, in ɗaura sabo da yatsu har ya zauna, sannan in sa sifana kaɗan in mayar da wayar, don kada su cakuɗe mini. Uku sun fito baƙi ƙirin amma ba su wahalar da ni ba. Na huɗu, na can ƙurya, ya ƙi motsi. Da alama Baturen ma ya daɗe da ƙyale shi. Na tayar da inji ko ukun za su isa, tarin na nan yadda yake. Wanda ya mutu shi ne wanda ya ƙi fita.

Fulogin da ya ci tsatsa, in aka tilasta masa yana iya karyewa a ciki, daga nan mota ta zama ɗakin kaji. Na ɗiga masa kananzir na koma gefe. Baba Gado ya sauke akwatin maganin ƙarƙashin wata ɗorawa, ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Duk da haka ruwa na ɗiga ta gindinsa, ina kallo, raina a ɓace. In taɓa sifana, in ji shi daram, in ƙara kananzir. Sai da rana ta take tsaka ya yi wata 'yar ƙara ya juya. Na ja shi gaba kaɗan, baya kaɗan, har ya fito. Bakinsa ya cinye sarai. Da na ɗaura sabo motar ta tashi sumul, ta hau gangaren ƙetare ba ko nishi.

Tsamiya

Ban tsaya Ka'oje ba. Na shiga Tsamiya da la'asar sakaliya, ƙanƙara ta koma kamar dunƙulen fura biyu, amma kwalabe da sanyinsu. Arɗo na nan da garkuna. Muka yi ta allura muna huda kunnen wadda aka yi wa don shaida har magariba, muka ƙarasa da safe.

Garke ɗaya ne babu. Wani Buba ya jira har azahar, shanunsa suka dame shi da kukan ƙishirwa, ya kora su rafin da ke hayin Dahome. Na ɗauki ragowar magani na nufi iyaka. Da can hanya ce kawai. Yanzu an gitta gora, an kafa tuta, ga jandarma Dandawa biyu.

"Mushe, allurarka ta Nijeriya ce," in ji babbansu, don su Mushe suke cewa maimakon Malam. "Nan ƙasa daban, likita daban."

"To a bari ya komo da su nan."

"An ce akwai ciwo wajenmu. Naku sun hana saniya shigowa."

Aka kira Buba ya zo bakin gorar. Ina hango shanunsa a bayansa, jajaye masu dogon ƙaho, in na yi jifa zan same su.

"Mi ya tsai da kai, Malam?"

Na ce mota ce, wani ɗan ƙarfe ya ƙi fita. Na nuna masa tsawonsa da yatsa. Ya dubi yatsan, ya ce Allah ya kyauta, ya koma wajen shanunsa.

Komawa gida

Na biyo ta Tuga, na kwana Bagudo, na iso gida lafiya. Motar ba ta ƙara tari ba. Ina gode wa Allah, da Baba Gado, da mai masaukina, da Arɗo da ya riƙe mutane yini guda cikin rana.

Da kaka aiki ya sake kai ni kasuwar Bagudo. A layin masu igiya na ga Buba zaune, yana tufka yana sayarwa. Na tambaye shi labarin shanunsa, ya ce bushiya ta bar masa maraƙi ɗaya, shi ma ya bi su. Na yi masa jaje. Sai ya ce, "Motar ta warke?"

Na ce ta warke.

Ya ce, "To madalla," ya ci gaba da tufkarsa.