Hannu Mai Yatsu Huɗu a Zaurenmu

Jama'a, ku ji abin da ya faru yau!

Tun damina tsagar bangon tsohon zaurenmu na Hayin Banki ke tsorata ni, don a nan 'yata Ummi ke rarrafe. Na matsa wa maigida, yau ya kawo magini a rushe bangon.

Bugu ɗaya, siminti ya zubo. Sai ga tsohon yaɓen ƙasa da shatin hannu, yatsu huɗu!

Gwaggon maigida ta ɗora tafinta a kai. Ta ce, "Allahu akbar! Hannun Innarmu ne. Taɓarya ce ta cire mata yatsa ɗaya."

Magini ya ce, "Hajiya, in ci gaba?"

Ta ce, "Ajiye gudumar nan, ɗan nan."

Tsagar kuwa tana nan. Don Allah, duk wadda ta san maginin ƙasa mai gyara ba rushewa, ta haɗa mu.