Ƙululun da Kafinta Ya Fasa

Tun yana saurayi ake kiransa Sai-An-Auna, don kafinta ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Shekara talatin yana sana'ar, ya aurar da 'ya'ya uku, kuma har furfura ta fito masa ba a taɓa jin ya ce bai sani ba. Mahaifiyarsa, da idanunta suka mutu, tana zaune a ɗakin da ke jikin shagonsa, rediyo ne abokin hirarta.

Da ya sayi injin huda katako mai batir, soket ɗin ɗakinta ne mafi kusa da zai riƙa yin caji. Ya huda bangon katakon da ya raba shagon da ɗakin daidai kaurin wayar caja, sai wani baƙin ƙululu a jikin wayar ya ƙi wucewa. A faɗaɗa rami? Ina! Ya tsaga robar ƙululun da wuƙa, ya fasa wani zobe da ke ciki da guduma, wayar ta wuce.

Tun daga ranar, rediyon ya kama shuuu.

"Ɗan nan, duba min akwatin nan."

Ya juya shi sau biyu, bai ga karkata ba. "Lafiyarsa ƙalau, Inna. Kunne ne, tsufa ya zo."

Ta yarda, tunda mai awo ne ya faɗa. Ta daina kunnawa, ta daina sa baki a hira don kada ta yi kuskuren ji a yi mata dariya.

Bayan wata bakwai, 'yarsa da ta karanci lantarki ta zo gaisuwa. Ta kunna rediyon, ta saurara, ta zare cajar. Muryar mai labarai ta fito tangaram.

"Baba, ina zoben da ke jikin wayar nan? Caja tana fitar da hayaniyar lantarki, waya kuma ta watsa ta kamar eriya. Zoben ne ke shanye ta kafin ta shiga rediyo."

Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya durƙusa a bakin gadon mahaifiyarsa.

"Inna, ni ne. Ni na fasa shi."

Bai ji faɗan da ya so ya ji ba. Tsohuwar ta lalubo hannun jikarta, ta tambaya a hankali, "Ashe ba ni ce na lalace ba?"