Malama Khaula da Rugar da Ta Tashi

Ni da Khaula tebur ɗaya muke a ma'aikatar ilimi, kuma tun da nake ban taɓa ganin mai ƙafar yawo irinta ba. Da an ce hutu, sai tashar Jabi ko ta Utako. Ba biki ba, ba gaisuwar mutuwa ba, kawai ta zauna jikin taga ta ga gari yana wucewa. Na sha ce mata, "Ke dai ƙawata, da kura aka haife ki da kin huta." Sai ta yi dariya, idonta na can wani wuri.

Yawon nan ne ya kai ta wata ruga a bayan Apo, gaba da garejin makanikai, inda kwalta ta ƙare. Ta je sayen nono, ta tarar da yara tuli ba mai zuwa makaranta. Shi ke nan fa! Kullum aka tashi aiki sai ta hau acaɓa da ɗan allonta a hammata, ta zauna da su ƙarƙashin wata ɗorawa.

Koyarwarta ma irin tata ce. Takan jera yaran a kan gungume, ta ce mota ce, kowa ya rufe ido. Sai ta tuƙa su da baki zuwa Jos ko Lakwaja, inda koguna biyu ke haɗuwa. Da sun "iso", su buɗe ido, ta rubuta sunan garin a allo su karanta. Na bi ta sau ɗaya, wallahi har ni na ji iska tana kaɗa mini mayafi.

A cikinsu akwai Batulu, 'yar Maude, yarinya mai shiru. Ta fara haɗa baƙi da wasali, kalma tana gab da fitowa. Burin Khaula kenan, Batulu ta iya karatu kafin damina ta ɗauke, rugar ta bi ciyawa kudu. Ta tambayi Maude yaushe za su tashi. Ya ce, "Da sauran lokaci, Malama."

Abin da ba ta sani ba, mutanen rugar nan ba sa faɗin ranar tashi, ko ga masoyi, don gudun baki. Ita kuwa ta ɗauki maganar da gaske, ta ce bari ta leƙa Kalaba ta ga ruwa ta dawo.

Ta dawo ta tarar da toka da turakun maruƙa. Ko kaza babu.

Ta kira ni tana kuka. Ni kuwa haushi ya kama ni, na ce, "Ai ga irinta nan! Ruwan Kalaba gudu zai yi?" Daga baya ta ba ni tausayi ƙwarai. Ranar Asabar muka ɗauki hanyar Abaji tare, muna tsayawa muna tambayar masu tallan nono. Can gaba da Kwali wata tsohuwa ta nuna mana bakin rafi.

Da la'asar muka hango su. Shanu farare suna tafe a hankali cikin hasken yamma, kamar ba sa taka ƙasa. Batulu ta yar da ƙwaryar hannunta ta sheƙo a guje.

Maude ya ƙaraso, sanda a kafaɗa, yana sunkuyar da kai. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Malama. Haka muka tarar iyayenmu na yi."

Khaula ta ce, "Baffa, saura kaɗan fa Batulu ta iya karatu. Kaɗan ya rage."

Ya dube ta da mamaki. "Ta iya mana. Tun daga Kuje, duk allon da muka tarar a bakin titi sai ta tsayar da ni da shanuna, ta yi ta fama har ta faɗi sunan garin." Ya ƙara da cewa, "Tun ina saurayi nake wuce allunan nan, ban san magana suke yi ba."

Khaula ta durƙusa nan cikin ciyawa ta rungume yarinyar. Ni da na zo da niyyar yi wa Maude faɗa, sai da na juya baya na share ido.