Ranar da ladaninmu ya hana mu rago

Jiya a garinmu Azuba, saura minti biyu a tashi wasanmu na ƙwallo da 'yan garin Obi, ɗaya da ɗaya, ga ragon da za a ba wanda ya ci gasar ɗaure a bakin fili. Sai ɗan wasan gabanmu, Malam Sabo, ya zube a gaban gola.

Muka yi ca: "Fenareti!"

Rafali bai hura usur ba. Ya durƙusa ya ce, "Malam, ni ban gani ba, amma kai ne ladanin unguwa. Tsakaninka da Allah, an taɗe ka?"

Malam ya dube mu, ya dubi ragon, ya ce, "Igiyar takalmina na taka."

A bugun raba gardama suka cinye mu, rago ya hau keke sai Obi.

Wallahi ya burge ni. Amma jama'a, baɗi mu bar shi a gaba, ko mu mai da shi gola?