Gangaren da Aka Daɓe wa Ma'u

Na san Kalilu a shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, lokacin ina koyarwa a Birnin Kebbi, ina haya a Nasarawa. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da nasa. Mutumin Argungu ne, iyalinsa suna can, aiki ne ya ajiye shi a Birnin Kebbi. Ranar Juma'a da yamma sai ya hau babur ya tafi gida, ya dawo Litinin da albasa ɗaure a bayan sirdi, ya ɗiba wa matata Paulina rabonta.

Aikinsa gwajin ƙasa. Kafin a yi gini ko a shimfiɗa hanya, shi ake turawa da lebura su haƙa rami, ya shiga, ya ɗebo ƙasar a buhu, ya kai ɗakin gwaji. Can zai tankaɗe ta, ya jiƙa, ya murza, ya gasa, sannan ya faɗi ko za ta ɗauki gini. Ya yi kwas a Kaduna, takardar shaidarsa tana rataye cikin gilashi. Amma ba da takardar mutane suka san shi ba. Kafin ya zuba ƙasa a buhu sai ya ɗan sa ta a baki ya tauna, wai haƙori ba ya ruɗa rairayi da laka. Shi ya sa daga Nasarawa har Gwadangaji ba a kiransa sai Mai-cin-ƙasa, shi kuma yana amsawa.

Halinsa na biyu ni na fi kowa shan wahalarsa. Kalilu ba ya karɓar labari sai ya bincika shi. A makarantar mishan an koya mana rubuta gajerun labarai don yara, na kuma riƙe wannan al'ada. Da la'asar, bayan ya yi sallah, nakan karanta masa abin da na rubuta. Zai saurara da ido rufe, ka ce barci yake yi, sai na kai ƙarshe ya buɗe ido.

"Malam Irimiya, wanga alƙali naka, mi yas sa ya yahe ma ɓarawon?"

"Saboda mutum ne mai tausayi."

"Ina ka nuna muna tausayin nai tun farko? Ban gani ba. Ka aza bene bisa rairayi."

Haka yake yi wa wasan kwaikwayo na rediyo ma. Yakan yi gardama da akwatin, ya nuna shi da yatsa, har maƙwabta su leƙo su ga ko baƙo ya yi. Na sha jin haushi, amma in faɗi gaskiya, labaraina sun gyaru a hannunsa.

A wannan lokaci aka soma ilimin firamare kyauta ga kowane yaro, ko'ina gini ake yi. Aka tura Kalilu ya gwada filin wata sabuwar makaranta a gefen Argungu, wajen fadama, ba nisa da gidansa. Ya haƙa, ya tauna, ya tarar da baƙar laka, irin wadda ke kumbura da damina ta tsage da rani. Ya ce a kwashe ta, a cike da marmara, a kuma ɗaga dandamalin azuzuwan ya kai ƙugun babban mutum, don gulbi yakan kawo ziyara ba sanarwa. Ɗan kwangila ya yi kuka, ya yi roƙo, Kalilu bai motsa ba. Aka yi yadda ya ce, aka yi wa kowane aji matakala. Ginin ya fito da kyau, bai tsage ba, ruwa bai taɓa shigarsa ba. Kalilu ya goya ni a babur musamman don in gani, ya dinga zagaye shi yana bubbuga bango da tafin hannu.

Bayan 'yan shekaru aka mai da ni makarantar a matsayin hedimasta, na tarar da 'yarsa Ma'u a cikin ɗalibai. Shan inna ya taɓa ƙafafunta biyu tun tana ƙarama. Uban ya sa wani mai walda a Birnin Kebbi ya ƙera mata keke mai tuƙin hannu, kuma da wannan keke babu inda ba ta zuwa: kasuwa, bakin gulbi, gidan biki. Wuri ɗaya ne keken yake tsayawa, wato gindin matakalar da ubanta ya sa aka gina.

Tana ƙarama abin bai dame ta ba. Manyan 'yan mata sukan goya ta su hau da ita, ana dariya. Da ta shiga aji biyar sai ta ce an daina. Ta gwada hawa da hannu, farar rigar makaranta ta koma ja kafin a buga ƙararrawa. Na fitar da ajin nasu gindin bedi, wato itacen darbejiya, don kada kowa ya hau komai. Aka yi kwanaki ana haka, rana ta gasa yara, ruwan farko ya kore mu, ita kuma ta ce ba ta son a shanya mutum arba'in saboda ita. Daga nan ta daina zuwa. Gwaggonta Balaraba ta soma koya mata saƙar faifai. Yarinyar da ta fi kowa iya karatu a bayyane, wadda nake sa ran za ta zauna jarrabawar shiga sakandare, tana zaune a tsakar gida da kaba a hannu. In zangon ya ƙare ba ta dawo ba, ajinta zai wuce ya bar ta, kuma na san halinta, ba za ta zauna da ƙannenta ba.

Ranar Asabar na je gidan. Muna zaure ni da Kalilu, matarsa Riskuwa tana daga bayan ƙofa tana miƙo fura.

Na ce, "Kalilu, matakalar nan ce matsalar."

Ya ce, "Na sani."

Riskuwa ta ce, "Malam Irimiya, don Allah tambaya muna shi, wane mugu na yaɗ ɗaga wanga gini sama haka?"

Kalilu ya sha fura, ya ajiye ƙwaryar. Ya ce, "Ginin daidai yake. Tambayata ce ba ta cika ba. Na tambayi ƙasa, na tambayi ruwa, ban tambayi wa zai shiga ba." Sannan ya ce za a yi gangare wanda keke zai hau, amma sai ya yi bincike.

Da na ji kalmar bincike na san za a daɗe.

Ya haƙa ramuka kewaye da ajin har akuyar maigadi ta faɗa ɗaya. Ya kwaso marmara daga wurare dabam-dabam, ya jera ta tuli-tuli a ƙofar ofishina, kowane tuli da sandarsa. Ya haɗa gangaren gwaji da katako, ya ce ba zai sa 'yarsa a kan abin da bai gwada da kansa ba. Ya aro keken Ma'u, ya naɗe babbar riga, ya cusa kansa ciki, gwiwoyinsa suna taɓa kunnuwansa. Ya tuƙa har tsakiya, hannunsa ya gaji, keken ya yanke shawarar komawa inda ya fito. Ya gangaro da baya, hula a ƙasa, bai tsaya ba sai cikin kwandunan albasar Maigandi, wani manomi da ya tsaya kallo da jakinsa. Maigandi ya ce, "Sannu, injiniya. Albasar ma gwada ta za a yi?" Kalilu ya miƙe, ya kakkaɓe, ya juyo gare ni da fuskar mutumin da ya yi nasara.

"Ka gani? Ya yi tsaye da yawa. Dole ya yi tsawo, ya kwanta."

Tsawo da kwanciya ya samo su, marmarar da ta dace ma ya zaɓa. Saura dannewa. Siminti ya yi wuya a shekarar, motar danne ƙasa kuma ta wani ɗan kwangila ce, tana can wajen Yawuri, sai bayan damina. Kalilu ya ce ba zai zuba ƙasa ba a danne ba, ruwa ɗaya zai wanke ta. A jira mota. Zango kuwa yana ta tafiya, faifan Ma'u ya soma yin kyau, abin da ya fi komai ba ni tsoro.

Riskuwa ce ta kawo maganar daɓe, irin wanda mata ke yi wa ɗaki: a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, a yi ta bugu da madaɓi har ƙasa ta yi ƙarfi kamar dutse. Ta ce ɗakin da yake kwana ciki haka aka yi shi tun aurensu. Wani mijin da sai ya ce to, ko ya ce a'a. Kalilu ɗauko diga ya yi. Riskuwa ta dawo daga rijiya ta tarar ya janye gado, ya fasa daɓen ɗakinta, yana zaune a bakin ramin yana tauna.

"Malam! Daɓen aurena!"

"Yana da kyau ƙwarai," in ji shi. "Wa yay yi shi?"

Ta kwana biyu ba ta yi masa magana ba, amma ita ta tara matan. Shugabarsu Baiwa ce, wata dattijuwa mai murya, wadda babu daɓen da ake yi a unguwar ba da ita ba. Paulina ma ta ɗaura ɗankwali ta shiga sahu. Matan ba su taɓa daɓe wuri mai gangara ba, kuma so suke su goge shi ya yi sulɓi kamar ɗakin amarya. Kalilu ya ce a'a, taya za ta zame, a bar masa kaushi. Ya ɗaure igiya daga dandamali zuwa ƙasa, ya ce kada a wuce ta. Ya ce a riƙa zuba marmarar kaɗan-kaɗan, a buge, a ƙara. Baiwa ta ce ita kuma kada ya kuskura ya taɓa mata ruwan makuba, ko da harshe. Aka shirya a kan haka.

Daɓe ba ya yiwuwa sai da waƙa, don madaɓai su sauka tare. Baiwa ta duba hagu, ta duba dama, ba ta ga abin waƙa da ya wuce mutumin da ke tsugune yana leƙen igiya ba. Ta ɗauko:

"Kalilu mai cin ƙasa,
ya kai aji sama,
ɗiyatai tana ƙasa,
mata, ku ba ta hanya."

Matan suka amsa, madaɓai suka sauka, tim, tim. Na saci kallon Kalilu, na ga ya rufe ido. Na san abin da ke tafe.

"Inna Baiwa, dakata. Abin da kin ka hwaɗi gaskiya na. Amma ba ki kawo dalili ba. Ina gulbi? Ina baƙar laka? Mai ji zai ce don mugunta na ɗaga."

"Waƙa ta, ɗan nan, ba shari'a ba."

"Ko waƙa tana son gindi."

Baiwa ta gyara zama, ta ƙara baiti. Ta sa gulbi, ta sa laka, kamar yadda ya nema. Sannan ta sa keke, ta sa gwiwoyi a kunne, ta sa albasar Maigandi da jakinsa. Mata suka yi ta dariya har bugu ya watse. Kalilu ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "Yanzu ta zauna."

Da daɓen ya bushe ya fito ja wur, doguwar hanya kwance a jikin bango, da kwana ɗaya a sama inda za a juya a shiga baranda. Abin da babu wanda ya sani shi ne ko Ma'u za ta zo. Ba ta leƙo wurin ba ko sau ɗaya, kuma da uwarta ta yi mata maganar, cewa ta yi za ta duba.

Ranar Litinin Kalilu bai koma Birnin Kebbi da wuri ba. Yana tsaye gindin bedi, babur a jingine, har aka gama taron safe yara suka shiga aji. Sai ga keke ya shigo ta ƙofar makaranta, farar riga an goge ta da sitati. Ta tsaya a bakin gangaren ta ƙare masa kallo, daga ƙasa har sama. Ta kama matuƙi ta soma hawa. Uban ya bi bayanta, hannuwa a buɗe.

Ba ta waiwayo ba ta ce, "Baba, kar ka taɓa."

Ya mai da hannuwan baya ya harɗe su. Ta hau a hankali, taya tana cizon kaushin daɓen. A kwanar sama ta ɗan ja da baya, ta sake daidaita keken, ta shige baranda. Yara sun cika tagogi, na kore su da ido, ba su koru ba.

Kalilu ya tsaya daga ƙasa, ya ɗaga kai. "To, yaya?"

Ma'u ta share zufa da bakin mayafi. "Ya yi. Amma kwanar nan ta matse. Ba ka auna da keken yana juyawa ba."

Na ɗauka zai ji ciwo. Sai ya juyo gare ni, baki har kunne. "Malam Irimiya, ka jiya? Ta bincika!" Ita kuwa ta riga ta shige aji.

Asabar ɗin da ta biyo ya faɗaɗa kwanar, Baiwa ta dawo da mata huɗu da sabon baiti. Ma'u ta zauna jarrabawa da 'yan ajinta, ta ci, daga baya ta yi kwalejin horon malamai ta dawo tana koyarwa a Argungu. Ɗalibanta sun ce ba a kai mata labari a wuce ba tambaya. Kalilu ya yi ritaya gab da a ba mu Jihar Kebbi, ya koma noman shinkafa a fadama, a kan lakar nan da ya hana a yi gini a kanta, yana yabonta wai ba ta da na biyu in an san abin da za a tambaye ta. Allah ya yi masa rasuwa bayan haka ba da daɗewa ba.

An shafe gangaren da siminti yanzu, an sa masa ƙarfen dafawa. Ramin ɗakin Riskuwa kuwa an cike shi tun a lokacin, amma launinsa bai taɓa dacewa da sauran daɓen ba. Har ta tsufa, duk baƙon da ya shiga gaishe ta sai ta ɗaga tabarma ta nuna masa.