Fim Ɗin Da Na Tura Wa Yaya Tana Takaba

Ni na yi kuskure, kuma ba na son kowa ya nema min uzuri. Yayata ta aiko a tura mata karatun Alƙur'ani da wa'azi, ni kuma na ƙara mata da abin da ba ta tambaya ba. Har yanzu in na tuna sai zama ya gagare ni.

Ina da ɗan shago a bakin tashar Kankia, ina caji ina tura fina-finai a waya. Karatuna bai yi nisa ba, amma a kan fina-finan ban tsoro na ɗauki kaina malami. In rana ta yi zafi, direbobi da 'yan acaɓa sukan cika bencina ana musu. Wani kwandasta ya ce ba abin da ya kai masu jini ban tsoro. Mai faci ya ce masa, "Kai tafi can, jini ai kullum mahauta na wanka da shi, ka taɓa ganin sun suma?" Ni kuwa na tsaya a kan cewa fuskar dodo ce da kiɗa. A kashe sauti, a rufe fuskar, ko jariri ya kalla.

Mai shayin da ke maƙwabtaka da ni, dattijo ne, ba ya kallo sai dai ya leƙo. Wata rana ya ce, "Dodon Turawa bai san hanyar Kusada ba. Ni wanda nake tsoro shi ne na wata ƙasar waje da suke sa likkafani irin namu." Muka yi masa dariya, ni na fi kowa.

Ga yadda muke aiki. Fim in ya zo, ba mai lokacin kallonsa duka. Ka taɓa farko, ka ja tsakiya, ka leƙa ƙarshe, in hoto ya fita kuma fassarar Hausa na tafiya daidai, sai ka jefa shi inda ka ga ya dace. Kuma ba ma mayar da memori da sauran wuri, don mai shi zai ce an yi masa rowa.

Mijin Yaya ya rasu bayan girbi, a Mawashi, ta wajen Kusada. Manomi ne mai sanyin hali. Ɗiyarsu ɗaya tana aure a Kaikai, don haka ɗakin ya rage daga Yaya sai kayansa. Innarmu ta so a dawo da ita Kankia, Yaya ta ƙi. Ta ce, "Mutumin nan ya riƙe ni da mutunci. A ɗakinsa zan yi takaba, ba inda za ni sai na gama."

Da memorinta ya iso ta hannun wani direba, na zuba karatu, na zuba wa'azi, sai wuri ya ragu. Na ce a raina watannin nan suna da tsawo, za ta gaji da zama. Na tuna wani fim da na taɓa ja: miji da mata suna cin abinci a tabarma, matar da hijabi tana salla, ba jini ba dodo. A cikin na zaman iyali na ajiye shi. Na tura.

Ba a daɗe ba Inna ta je duba ta, ta dawo ranta a ɓace. Ta ce da la'asar ta yi, Yaya ba ta iya zama a ɗakin. Sai ta fito ta rakuɓe a bakin madafa. In ta ji ƙarar babur sai ta zabura, in wani ya yi gyaran murya a zaure sai jikinta ya ɗauki rawa. Ta rame. Wan mijinta, wanda shi ne babba a gidan, ya ce iska ce, ya kawo malami ya yi mata ruƙiyya. Matan unguwa kuma sun fara cewa ko dai ta ƙosa ta fita ne, ko akwai abin da ta yi wa mamacin.

Babur da gyaran murya. Ban san dalili ba, sai fim ɗin nan da na tura ya faɗo min a rai. Washegari da rana tsaka na jawo ƙofar shago, na zauna na kalli fim ɗin daga farko.

Mijin mutuwa yake yi. Wurin da na tsallake ke nan. A yi masa wanka, a sa shi a likkafani, a kai shi. Bayan nan kullum da yamma sai a ji babur ya tsaya. Mamacin ya jingine shi, ya cire takalma ya jera su, ya yi gyaran murya. Mai fassara kuma ya sa masa murya irin ta kowane magidanci a nan: "Salamu alaikum. Ina ɗan ruwa?" Matar ta kawo. Ya zauna a tabarmarsa, kofin na gabansa, ruwan ba ya raguwa. Ba wanda ke ganinsa sai ita. Na yi ta jiran fuskarsa ta rikiɗe, haƙora su fito, don in samu in yi dariya. Ba ta rikiɗe ba. Har aka gama bai taɓa ta ba, bai ɗaga murya ba, dawowa kawai yake yi. Ana hayaniya a tasha, rana na dukan kwano, ni kuwa tsikar jikina ta tashi. Mai shayi ya yi gyaran murya a waje, saura kaɗan in faɗo daga kujera.

A nan ya kamata in hau babur in tafi Mawashi. Ban tafi ba. Wannan ne babban laifin, ya fi na tura fim ɗin.

Na ce wa kaina wataƙila ba ta kalla ba. Na ce wataƙila iskar ce da gaske. Inna na neman turaren hayaƙi da man habbatussauda, ni na sayo da hannuna na ba ta, har tana sa min albarka. Ni kuwa abinci ya daina shiga. In fito shago in koma, in ɗauki waya in ajiye. Na taɓa kama hanya har na hango Kusada, sai na tuna fuskar wan mijinta, na juyo. Musun benci ma na daina shiga. Kwandasta ya ce, "Malam ya yi ritaya ne?" Na ce kaina ke ciwo.

Sai Inna ta ce an gama magana. Wan mijin ya ce ba zai zuba ido ta lalace a gidansa ba, ranar Juma'a bayan masallaci a zo da mota a ɗauke ta. Yaya ta yi kuka ta ce ba ta so, aka ce ba a shawara da mara lafiya.

Ranar Alhamis na rufe shago na tafi. Sai da na shiga Mawashi na lura la'asar ce, kuma a kan babur nake. Na kashe shi tun daga nesa, na tura shi da hannu. Ban yi gyaran murya ba. Daga bakin zaure na ɗaga murya na ce, "Yaya, ni ne, autanku."

Tana bakin madafa tana ɓarar gyaɗa. Wuyanta ya yi tsawo.

"Auta, lafiya? Mi ya kawo ka da yamma haka?"

"Yaya, memorin nan. Kin buɗe duka?"

Ta ci gaba da ɓara. Can ta ce, "Na ga mace da hijabi, na zaci wa'azi ne mai hoto. Da na gane, na kasa kashewa."

"To don me ba ki faɗa ba?"

"In ce mi? In ce mai takaba ta zauna kallon fim? A ce wa ya turo, in ce ƙanena?" Ta share hanci da bakin mayafi. "Kuma ba tsoron ya dawo ne kaɗai ba, Auta. In la'asar ta yi, sai in ji ina son in ɗebo ruwa in ajiye masa. Wannan ne ke koro ni waje."

Na tashi na je na kira wan mijinta. A tsaye na faɗa masa komai, har da turaren da na sayo alhali na sani. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Kai wane irin mutum ne? Muna nan muna ƙona turare muna wahal da malami, ashe aljanin na Kankia yana caji!"

Ya yi faɗa sosai, ban ɗago ba. Da ya gaji ya juya wurin Yaya, muryarsa ta sauka. "To ke mi kika ce? Motar ta zo?"

"Kada ta zo. A bar ni in ƙarasa a ɗakina. In dai maiɗakinka za ta riƙa zama da ni daga la'asar zuwa magariba, zan iya."

Ya ce an gama, shi zai kira Inna da kansa. Ya fita yana ta girgiza kai.

Aka bar ni da ita. Na durƙusa a gaban faifan gyaɗar, na ce, "Yaya, karatu kika tambaye ni na ba ki tsoro. Na gane ni ne, na yi shiru, na bari ana kiranki mai iska, ke kuwa kina rufa min asiri. Ba ni da abin cewa. Don Allah ki yafe min."