Mutumin da ya koya wa Salihu keke

Asabar ce, cikin watan Maris, zafi ya fara. Ƙarfe bakwai muka karya da koko da ƙosai. Salihu bai gama nasa ba, hankalinsa yana kan jan keken da na sayo masa a Babbar Kasuwa. Shekararsa shida da wata biyu.

Ƙarfe tara na tura keken zuwa wurin Lado, mai gyaran keke a bakin layinmu na Ƙofar Guga, yaron yana biye da ni. Ban riƙe hannunsa ba. Ɗan farina ne, kuma sunan mahaifina gare shi. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, balle a gan shi yana gudu bayansa a cikin layi. Na yi digiri a lissafi, shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, amma ban taɓa tambayar dalilin wannan ba. "Kai" nake ce masa.

Lado daga wani ƙauye ya zo, ta wajen Kaita, tun yana saurayi. Bai yi boko ba. Dako ya fara yi a kasuwa, sannan ya koyi faci, ya kafa benci a gindin darbejiya, bai sake tashi ba. Da babura suka kashe kasuwar keke sai ya koma facin tayarsu. 'Ya'yansa bakwai, duk mata. Rabin samarin layinmu a hannunsa suka koyi keke, kuma yadda yake koyarwa ɗaya ne: ya kwance feda, ya sauke sirdi, yaro ya yi ta turawa da ƙafa har jikinsa ya gane. Ba ya riƙe keke. Wuyan riga yake riƙewa.

"Salihu! Alhaji babba!" Haka ya kira shi, da ƙarfi, kamar sunan nasa ne. "Malam, wanga keke an cuce ka, birkin baya ba ya ci. Ka bar mani shi da mai shi."

Ƙarfe goma sha ɗaya ina zaure ina duba takardun jarrabawa. Daga inda na zauna ana ganin layin. Takarda huɗu na duba cikin awa biyu. Sau uku yaron ya faɗi. Kowane karo Lado ne ya karkaɗe masa gwiwa.

Ƙarfe biyu yaron ya ci abinci a tsaye. Bayan la'asar Lado ya mayar da feda. Na fito na tsaya a ƙofar gida. Dattawan unguwa suna zaune a dakalin masallaci, sai ɗayansu ya ce, "Malam, yau kai ne mai gadin yaro?" Aka yi dariya. Ni ma na yi, na koma ciki kamar na manta wani abu.

Ina tsakar gida, ƙarfe biyar saura kwata, na ji ihun yara da tafi. Kafin in fito an gama. Lado ya ɗaga shi sama yana juyi da shi.

Da magariba ya shigo yana ba uwarsa Hafsat labari, numfashinsa yana sarƙewa. Ya juyo ya ce mini, "Baba Lado ya ce gobe har masallaci zan kai." Na ce, "To. Je ka wanke ƙafarka."

Da safe ya tashi da zazzaɓi da ciwon wuya. Sanƙarau ne. Ranar Alhamis muka kai shi makwancinsa.

A zaman makoki na zauna yadda ake so uba ya zauna. Ana ce mini ya haƙuri, ina cewa da godiya. Lado ya zo, hannunsa duk baƙin mai, ya durƙusa, ya kasa gama gaisuwar. Kuka ya yi, irin mai sauti. Mutane suka yi ta ba shi baki. Allah Ya yafe mini, a lokacin ba tausayinsa na ji ba. Haushi na ji, don shi an bar shi ya yi kukansa.

Bayan arba'in na je na zauna a bencinsa. Yana da abin da ba ni da shi, kuma babu wani wurin da zan samo shi.

"Da ka sake shi, yaya ya yi?"

Ya ajiye tayar da ke hannunsa. "Bai ma san na sake ba. Sai da ya wuce shagon tela. Harshensa a waje, kamar mai zare allura."

"Me ya ce?"

"Baba Lado, ka gani! Sau ukku."

"Ya tambaye ni?"

Da ya yi mini ƙarya da na karɓa.

"A'a, Malam. Yaro bisa keke ba ya tambayar kowa."

Na yi masa godiya. Har yau muna gaisawa kullum, cikin mutunci, kuma har yau idan na ga hannunsa a wuyan rigar wani yaro sai in kau da kai.

Hafsat ce ta raba kayan. Riguna da takalma ta ba 'ya'yan ƙanwarta. Jakar makaranta da allo aka kai Islamiyyarsu. Keken ta ce a ba Lado, yara su riƙa koyo, ladan ya isa ga yaron. Na san gaskiya ta faɗa. Na ce a'a. Yana ɗakin ajiya, na rataye shi a bango. Tayoyin sun sace.